Daga Kasuwar Kano zuwa Wayar Hannu: Tarihin Ƙagaggun Labaran Matasa a Littafin Lantarki

1.0 Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya nazarci tarihin rubutun zube na Hausa ya san cewa kowane zango yana da waɗanda suka tsaya tsakanin marubuci da mai karatu. A wani zangon hukumar gwamnati ce, a wani kamfanin ɗab'i, a wani kuma 'yan kasuwar littattafai. Zangon da muke ciki ya sha bamban, domin ɗimbin labaran da matasa ke rubutawa ba sa bi ta maɗaba'a ko kanti. Daga wayar marubuciya suke tashi su sauka a wayar mai karatu, ko yana Kano, ko Maraɗi, ko Garwa, ko Kumasi.

Wannan takarda za ta bi sawun wannan sauyi. Za ta fara da bayanin kalmomi, ta waiwayi labaran matasa a zamanin takarda, ta duba yadda littafin lantarki ya samu a duniya, sannan ta nuna yadda ya shigo cikin Hausa. Manufar ita ce a nuna cewa littafin lantarki ya buɗe wa matasa ƙofar da ba a taɓa buɗe musu irinta ba, amma kuma ya raba labaransu da abubuwa biyu da takarda ta tanadar, wato mai gyara rubutu da ma'ajiya.

2.0 Ma'anar Kalmomi

Labaran matasa su ne ƙagaggun labaran da taurarinsu da akasarin masu karanta su ke tsakanin balaga da farkon zaman aure. Jigoginsu ba sa wuce abin da ke damun mai wannan shekaru: soyayya, zaɓen abokin zama, makaranta, saɓani da iyaye, abota, da neman abin yi. A Amurka an ware wannan rukuni tun tuni. Ƙungiyar ɗakunan karatu ta ƙasar ta kafa masa sashe na musamman a 1957, kuma masana kan ambaci littafin The Outsiders na S. E. Hinton (1967), wanda ta rubuta tana 'yar makarantar sakandare, a matsayin mafarin salonsa na zamani. A Hausa ba a cika yi wa littafi wannan laƙabi ba, amma abin da laƙabin ke nufi yana nan.

Littafin lantarki kuwa shi ne duk littafin da aka tanada don a karanta shi a fuskar na'ura, kwamfuta ce ko wayar hannu ko wata na'ura ta musamman. A wannan takarda ma'anar ta haɗa da cikakken littafi da ake saye a manhaja, da kuma labarin da ake saki kashi-kashi har ya kammala.

3.0 Labaran Matasa a Zamanin Takarda

3.1 Daga 1933 zuwa 1980

Gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933 ita ce ta haifar da ƙagaggun labarai na farko cikin boko, wato Ruwan Bagaja, da Ganɗoki, da Shaihu Umar, da Idon Matambayi, da Jiki Magayi. Abin da ba a cika kula da shi ba shi ne shekarun wasu daga cikin marubutan. An haifi Abubakar Imam a 1911, Abubakar Tafawa Ɓalewa kuma a 1912. Ke nan ba su daɗe da haura shekara 20 ba lokacin gasar. Waɗanda aka yi littattafan dominsu ma 'yan makaranta ne da sababbin masu iya karatun boko. Sai dai hukuma ce ke zaɓar abin da za a buga, ita ke gyara shi, ita ke rarraba shi. Haka abin ya ci gaba a zamanin NORLA cikin shekarun 1950, da zamanin kamfanin NNPC wanda aka kafa a 1966.

A 1980 NNPC ta fitar da littattafan da suka yi nasara a wata gasa da ta shirya, ciki har da So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwaheed, da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina. Waɗannan sun ɗauki soyayyar matasa a matsayin babban jigo. A daidai wannan lokaci kamfanin Macmillan yana fitar da jerin littattafan Pacesetters cikin Ingilishi, waɗanda aka fara a 1977 domin matasan Afirka. Ɗaya daga cikin na farkonsu shi ne The Undesirable Element na Mohammed Sule, mutumin Kano.

3.2 Adabin Kasuwar Kano

Abubuwa biyu suka haɗu suka haifar da zango na gaba. Shirin ba da ilimin firamare kyauta da Nijeriya ta fara a 1976 ya samar da ɗimbin matasa masu iya karanta Hausa. Tsuke bakin aljihu na 1986 kuma ya karya darajar naira, takarda ta yi tsada, manyan kamfanoni suka fi mai da hankali ga littattafan manhajar makarantu. Ga masu karatu, ga ƙarancin abin karantawa. Sai matasa suka fara buga nasu da kuɗin aljihunsu a ƙananan maɗaba'u.

Cikin na farko-farko akwai Rabin Raina na Talatu Wada Ahmed a tsakiyar shekarun 1980. Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987, sannan Wa Zai Auri Jahila? a 1990. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya biyo baya a farkon shekarun 1990, haka ma Allura Cikin Ruwa na Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa. Marubuta suka kafa ƙungiyoyi irin su Raina Kama. Ibrahim Malumfashi ya raɗa wa wannan rubutu suna Adabin Kasuwar Kano, yana kwatanta shi da na kasuwar Onica, aka kuma daɗe ana tafka muhawara a jaridu tsakaninsa da masana irin su Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu kan ko abin adabi ne ko ba adabi ba ne.

Akwai siffofi uku na wannan zango da ya kamata ɗalibi ya riƙe, domin za su sake bayyana a waya. Na farko, ana raba labari kashi-kashi, littafi na ɗaya da na biyu da na uku, a yanke a inda hankalin mai karatu ya fi tashi. Na biyu, akwai haya da aro, ta yadda kwafi guda zai zaga hannuwa da yawa. Na uku, marubuta kan sa adireshinsu a bangon littafi, masu karatu su rubuto wasiƙu, wani lokaci a buga su a littafi na gaba. Ta hannun fatake waɗannan littattafai suka riƙa tsallaka iyaka zuwa Maraɗi da Damagaram da sauran garuruwan Hausawa na maƙwabta.

Zangon bai rasa masu sa ido ba. An kafa Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta Jihar Kano a 2001. A 2007 an ƙona wasu littattafai a bainar jama'a a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, bisa hujjar suna ɓata tarbiyyar 'yan makaranta. A 2008 hukumar ta nemi marubuta su yi rajista, su kuma kawo ayyukansu a duba kafin a buga.

4.0 Samuwar Littafin Lantarki a Duniya

Tarihin littafin lantarki yakan faro ne daga 1971, lokacin da Michael Hart ya fara shigar da tsofaffin rubuce-rubuce cikin kwamfuta a Jami'ar Illinois ta Amurka, aikin da ya zama Project Gutenberg. Amma haɗuwarsa da labaran matasa a Japan ta fara ƙarfi. Tun daga 2000 matasa a can suka riƙa rubuta labarai a wayar hannu, cikin gajerun jumloli, suna saki kashi-kashi. A 2007, biyar daga cikin ƙagaggun labarai 10 da aka fi saye a ƙasar a waya aka fara rubuta su, akasari kuma 'yan mata ne suka rubuta.

A 2006 Allen Lau da Ivan Yuen suka kafa Wattpad a Kanada, manhajar da kowa zai iya ɗora labarinsa kyauta. A 2007 kamfanin Amazon ya fitar da na'urar Kindle tare da hanyar da marubuci zai wallafa littafinsa ba tare da kamfanin ɗab'i ba. A Wattpad ne Beth Reekles, wata yarinya daga Birtaniya, ta fara sakin The Kissing Booth tana da shekara 15, aka buga shi daga baya, aka kuma mai da shi fim a 2018. Haka After na Anna Todd, wanda ya fara fita a 2013. A 2021 kamfanin Naver na Koriya ta Kudu ya sayi Wattpad.

A Afirka ma an yi gwaji da wuri. A 2009 an saki wani labarin matasa mai suna Kontax a Afirka ta Kudu, cikin Ingilishi da harshen Kosa, domin a karanta a wayar hannu. A 2010 ƙungiyar Worldreader ta fara kai na'urorin karatu makarantun Gana. A Nijeriya kuwa Okechukwu Ofili ya kafa OkadaBooks a 2013, manhajar da ta ba marubuci damar sa wa littafinsa farashi ya sayar kai tsaye.

5.0 Shigowarsa Cikin Hausa

Wayar salula ta shigo Nijeriya sosai a 2001, Nijar ma a daidai wannan tsakani. Amma sai cikin shekarun 2010, da wayoyi masu intanet suka yi araha, labaran Hausa suka koma cikinta. Babu hukumar da ta tsara wannan ƙaura, babu kuma gasar da ta haifar da ita. Marubuta sun yi amfani da abin da ke hannunsu ne, wato Facebook, da WhatsApp, da Wattpad, sannan manhajojin saye da sayarwa irin su OkadaBooks da ArewaBooks. A lokaci guda kasuwar littafin takarda ta yi sanyi, saboda tsadar ɗab'i da kuma komawar masu karatu kan waya.

Tsarin aikin ya ɗauki wata siffa sananniya. Marubuciya, domin mata ne suka fi yawa, takan buɗe zaure a WhatsApp ta riƙa sakin shafi ɗaya ko biyu a rana. A saman shafin akwai sunan littafi, da sunanta ko laƙabinta, da sunan ƙungiyar marubutan da take ciki, wani lokaci da sadaukarwa ga wata mai karatu. Shafukan farko kyauta ne. Idan labari ya kama mutane sai ta sanar cewa ci gaban na kuɗi ne, a biya 'yan ɗaruruwan naira ta asusun banki ko ta katin waya, a shiga zauren waɗanda suka biya. Idan labarin ya ƙare sai a tattara shi wuri guda ya zama cikakken littafi. Wasu kuma ana karanta su da murya a ɗora a YouTube, kamar yadda gidajen rediyo suka saba karanta littattafai ga masu sauraro.

Idan aka lura, siffofin nan uku na Adabin Kasuwar Kano duk sun dawo. Kashi-kashi ya koma shafi-shafi. Aro ya koma turawa daga waya zuwa waya. Wasiƙar mai karatu ta koma sharhin da ake yi nan take, har mai karatu yakan nemi a sauya wa tauraro ƙaddara, marubuciyar kuma ta saurara ko ta ƙi. Bambancin shi ne jari. A da sai matashi ya tara kuɗin takarda da maɗaba'a, ya kuma sami ɗan kasuwar da zai karɓa. Yanzu waya da data sun wadatar, kuma babu inda za a tare littafin a ce a kawo a duba.

A gefe guda kuma gasar Hikayata, wadda Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 a matsayin gasar gajerun labarai ta mata zalla, ta fito da sababbin marubuta fili. Ta intanet ake aika mata labarai, alƙalai kuma suna duba ƙa'idojin rubutu tare da jigo da salo.

6.0 Abin da Ya Shafi Ƙasashen Maƙwabta

Ga mai karatu da ke wajen Nijeriya, wannan sauyi ya fi girma. Littafin takarda kaya ne, dole ya bi hanya ya tsallaka iyaka. Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, an kuma sake rufe iyakarta da Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024. Shafin da aka saki a waya bai san da wannan ba. Mai karatu a Tawa yana samunsa a daidai lokacin da na Zariya ke samu. Marubuta da yawa ma sukan ware wa masu karatu na Nijar tasu hanyar biya da farashi cikin sefa, abin da ke nuna cewa sun san da su, suna kuma lissafi da su.

Ba karatu kaɗai ba, har rubutu. Matashiyar da ke Damagaram ko Yamai, wadda a da sai ta kai rubutunta Kano ko ta jira wani shirin tallafi na buga littattafai cikin harsunan ƙasa, yanzu tana iya sakin labarinta ta sami masu karatu a ƙasashe da dama. Wannan ya sa kare-karen harshen da ba a saba ganinsu a rubuce ba suna bayyana, da kalmomin aro daga Faransanci irin su lakwal da mushe, kusa da na Ingilishi. Ga mai nazarin harshe wannan taska ce.

7.0 Abin da Aka Rasa

7.1 Mai Gyara Rubutu

An daɗe ana aikin daidaita rubutun Hausa. An yi taron Bamako a 1966, da na Yamai a 1980, Nijar kuma ta fitar da nata ƙa'idojin a hukumance a 1999, inda take amfani da ƴ a gurbin 'y na Nijeriya. Littattafan NNPC sun bi ƙa'ida saboda akwai editoci. Na kasuwar Kano sun yi sakaci, amma aƙalla rubutun yakan bi ta hannun mai buga shi a na'ura. A waya babu kowa tsakani.

Sakamakon haka ɗalibi zai ci karo da abubuwa kamar haka. Ana barin baƙaƙe masu ƙugiya, a rubuta kasa ga ƙasa da kasa duka, ko a rubuta k' da d' da b', ko ma q a gurbin ƙ. Ana sa x a gurbin z, a rubuta xan maimakon zan. Ana haɗe kalmomin da ya kamata a raba, kamar nace, da bazan, da dashi, maimakon na ce, da ba zan, da da shi. Ana kuma cusa jumlolin Ingilishi cikin zancen taurari, abin da ake kira Ingausa. Matsalar ba ta na'ura ba ce a yau, domin baƙaƙen ɓ, ɗ, ƙ da ƴ duk suna cikin tsarin Unicode, kuma akwai allunan rubutu na Hausa da ake sa wa waya. Abin da ya rage shi ne koyarwa da sabo. Haɗarin kuwa a fili yake. Yaron da bai yi Hausa a makaranta ba, kamar yadda lamarin yake ga yara da yawa a ƙasashen da ake karatu da Faransanci, daga waɗannan labarai yake koyon yadda ake rubuta harshensa.

7.2 Ma'ajiya

Littafin takarda, komai rashin ingancinsa, yana iya kwana a akwati shekara 30. Saboda haka ne Graham Furniss da Malami Buba da William Burgess suka iya tattara bayanan littattafai sama da 700 na tsakanin 1987 da 2002, suka wallafa a 2004. Dokar Ɗakin Karatu na Ƙasa ta Nijeriya ta 1970 ma ta wajabta wa mawallafi ya ajiye kwafi uku na duk abin da ya buga, ko da yake ba kowa ke bi ba.

Labarin waya ba shi da wannan gata. Zaure yana iya watsewa, waya ta ɓace, marubuciya ta yi aure ko ta sauya ra'ayi ta goge komai. Manhaja ma ba ta dawwama. OkadaBooks, wadda marubutan Hausa da yawa suka ɗora littattafansu a kai, ta rufe a ƙarshen Nuwamban 2023 bayan shekara 10 tana aiki. Kwafin da ke yawo daga waya zuwa waya kuma sau da yawa ba ya ɗauke da shekara, wani lokaci an cire sunan mai shi, ko an datse wani sashe. Wannan yawo shi ne kuma satar fasaha. Mutum guda zai biya, ya fitar da littafin ga ɗaruruwa, shi ya sa ake yawan ganin gargaɗi da Allah ya isa a saman shafuka.

Abin da wannan ke nufi ga tarihin adabi shi ne, mai bincike yana iya ɗaukar Ruwan Bagaja na shekarun 1930 a ɗakin karatu cikin sauƙi, amma ya kasa samun labarin da dubban matasa suka karanta a 2016.

8.0 Kammalawa

An ga cewa tun 1933 matasa ne ƙashin bayan ƙagaggun labaran Hausa, a matsayin marubuta da masu karatu. An ga yadda iko ya tashi daga hannun hukuma zuwa kamfani, daga kamfani zuwa ɗan kasuwa, daga nan zuwa hannun marubucin kansa. An kuma ga cewa littafin lantarki ya kawar da shingen jari da na iyakar ƙasa, amma ya bar labaran ba mai gyara, ba ma'aji.

Wannan giɓi aikin sassan nazarin harsuna ne su cike shi, kuma ɗalibi na iya farawa da kansa. Duk labarin da zai yi nazari a kai, ya adana cikakken kwafinsa, ya rubuta sunan marubuci kamar yadda ya zo, da manhajar da ya same shi, da ranar da ya same shi. Kada ya gyara rubutun a kwafin ajiya, domin kurakuran su ma shaida ce ta yadda ake rubuta Hausa a wannan lokaci. In littafin na kuɗi ne ya saya, ya kuma nemi izinin mai shi kafin ya sa shi a ma'ajiyar sashe. Muhawarar da aka yi kan Adabin Kasuwar Kano ta yiwu ne saboda littattafan suna nan ana iya buɗa su a nuna shafi. Idan ana son a yi wa labaran waya irin wannan nazari nan gaba, yanzu ne lokacin tattara su, tun suna hannun mutane.